Abin da Ke Ƙarƙashin Likkafanina

Ka'akiyya, Makka.

Zuwa ga maigidana Anas, angon da bai taɓa kawo mini cefane ba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ka Riyad lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutum.

Ka karanta a hankali. Na san Hausar boko kana taka ta kamar mai tafiya a kwalta da azahar ba takalmi, amma ni ma Larabcin rubutu bai taɓa zama a hannuna ba. Aji huɗu na yi a Katsina kafin a kawo ni wa kakanka, da shi za mu yi maneji. Kwana uku ke nan ina rubutun nan. In na yi layi biyar sai ido ya yi hazo, in ajiye biro in shafa man zafi a gwiwa, in dawo na manta inda na tsaya. In ka ga magana ta karkace, ba ni ba ce, tsufa ne.

Babanka ya zaunar da ni ya yi mini bayanin shugul ɗin, wato aikin da ka samu. Wai za a ba ka kujera a ɗaki mai sanyi, ka yi ta buga wasannin nan na talabijin tun daga farko har ƙarshe kafin a sake su kasuwa. Sannan ku manna lamba a kwalin: wannan na ɗan shekara bakwai, wannan na sha biyu, wannan sai baligi ɗan sha takwas, wannan kuwa ba zai shigo ƙasar ba sam. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na yi dariya har sai da na riƙe haƙoran robana kada su faɗi. Wato abin da na ƙarar da muryata ina korarka daga kansa, shi ne yau hukuma ta kira ka takanas ka je ka yi mata. To, Allah Ya sa albarka. Ni dai na daina gane duniyar nan tun da aka ce har gidan sinima za a buɗe.

Amma da dariyar ta wuce, sai na shiga tunani. Domin aikin nan na riga ka yin sa, ya waladi. Na yi shekara da shekaru ina hukumar tacewa a gidanmu na unguwar Tandabawi, ni ce shugaba, ni ce ma'aikaciya, ba wanda ya ɗauke ni aiki. Kuma na ɓata aikin. Shi ya sa nake rubuto maka, tun da baki ba ya iya faɗa in kana kallona da idanun nan naka na shaƙiyanci.

Lokacin babanka da Baffanka Yakubu suna yara, muna da wata talabijin a kan kabad. In an kunna, ina zama gefenta da faifai a hannu. Da na ga mace ta fito kai ba rufi, ko namiji ya matso kusa da ita, sai in ɗaga faifan in rufe. Ka lura fa, talabijin ce wadda gwamnati ta riga ta tace ta tas, ni kuma in sake tacewa, kamar mai tankaɗen garin da aka tankaɗe. Abin da ban yi tunani ba shi ne faifai zagaye yake, talabijin kuwa kusurwa huɗu gare ta. Yaran nan sai su zuba wa kusurwoyin ido, su ga gwiwar hannu nan, gefen labule can, sauran su ƙarasa da kansu. Babanka da ya girma ya ce mini, “Inna, wallahi abin da muke zato yana bayan faifanki ya fi na cikin akwatin muni nesa ba kusa ba.” Wata rana ni kaina na leƙa bayan faifan in ga masifar da nake kare su daga gare ta. Wata baiwar Allah ce take tallar sabulun wanki.

Don haka in aikinku ya kai ga a rufe wani abu, a rufe, amma a faɗi dalili. In za ka rubuta, rubuta a fili: a nan akwai jini, a nan akwai caca, a nan akwai zagin addini. Abin da aka ɓoye ba bayani girma yake yi a kan yaro, har ya fi gaskiyarsa. Ni ban taɓa cewa “ga dalili” ba. “Na ce a'a” kawai na iya.

Wannan na dariya ne. Da a nan na tsaya, da ban ɓata biro ba.

Ka san Baffanka Yakubu, wanda za ka sauka gidansa kafin ka sami naka ɗaki. Ka san shi da fara'a da kowa. Ka kuma sha gani in ya zo Umra yana sauka a otel, ya zo ya gaishe ni a tsaye, ya sumbaci goshina, ya tambayi magunguna, ya ce motar tana jiransa. Ka taɓa tambayata, da kiran nan da jikokin Makka ke yi wa kaka, “Sitti, me ya sa Baffa ba ya cin abinci a gidan nan?” Na ce maka cikinsa ba ya son yaji. Ƙarya na yi maka. Yakubu shi ne mai lashe kwanon yaji tun yana rarrafe.

Yana ɗan sha tara ya yi aikin Hajji guda yana tura keken tsofaffin alhazai tsakanin Safa da Marwa. Ƙafafunsa suka kumbura kamar doya. Da aka watse ya je ya sayo wani akwatin wasa, mai kaset da waya biyu, kowace da abin riƙewa a ƙarshenta. Lokacin kakanka yana shekara ta uku a kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ba ta fita sai gurnani. Mutumin da ke jan salla a masallacin lungunmu, ya koma sai an juya shi. Ni kuwa kullum da an yi azahar sai in ɗauki tirena na carbi da zobba da kwalli in nufi wajen Harami in sayar wa alhazai da masu Umra, ba na dawowa sai magariba.

Wata Juma'a muka je suna. Ana cikin cin waina sai Hajiya Dije, maƙwabciyarmu 'yar Damagaram, ta ce ai akwatunan nan da samari ke saya akwai gunki a ciki, kuma ba ka wuce mataki sai ka sunkuya masa. Aka yi salati. Wata ta ce ita ma ta ji. Duk ɗakin nan ba wadda ta taɓa ganin abin da idonta, har ita Dijen. Ni dai na ji kamar duk ni ake kallo, matar liman, da gunki a gidanta. Ko lalle ban tsaya an raba ba.

Na tarar da Yakubu a zaure da abokansa uku suna buga wasan. Ban yi sallama ba. Na fizge wayoyin daga bango.

Ya miƙe ya ce, “Inna, lafiya?”

Na ce, “Lafiyar ke nan. Ba a gidana ba.”

“Ki zauna ki gani. Minti biyar kawai.”

“Ba na kallon kafirci.”

“Inna, tseren mota ne fa.”

“Ko tseren raƙuma ne.”

Abokansa suka sunkuyar da kai. Ya rage murya ya ce, “Ni fa ba yaro ba ne. Da gumina na saya.”

Na ce, “Muddin kana cin tuwona, yaro ne kai.” Na naɗe abin a mayafina na fita. Da na dawo na ce masa na jefa a kwandon sharar baladiyya, wato hukumar gari, mota ta kwashe.

Bai taɓa yi mini rashin kunya ba, daga ranar har yau. Da ma ya yi.

Ban jefar ba. Kai ma ka san ni, matar da ba ta iya yar da gwangwanin madara. Na zagaya ta ƙofar baya na tura shi can ƙasan akwatina na ƙarfe.

A makon nan kakanka ya soma ƙin abinci. In na shigo sai ya juya fuska bango. Na lura babban yatsansa na hagu yana ta motsi a kan bargo, yana dannawa, yana dannawa. Na ce Allah sarki, Malam carbi yake so. Na sa masa carbi a hannu. Ya sake shi ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake sa masa. Ya sake saki. Har faɗa na yi masa, na ce Malam, kai da ka koya wa mutane zikiri? Bai cika wata biyu ba ya rasu. Ba na cewa ni na kashe shi, kwanansa ne ya ƙare. Bayan sadakar arba'in Yakubu ya ɗauki jakarsa ya tafi Riyad, kuma tun daga nan bai sake kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ni ba.

Sai da aka yi shekaru, ranar sunanka ma, ina ta mita cewa Yakubu ya zo ya tafi bai ko wanke hannu ba, babanka ya ja ni gefe. Ya ce, “Inna, ashe har yanzu ba ki sani ba?” Ya ce kullum da na fita da tire, Yakubu sai ya kinkimi talabijin da akwatin ya kai ɗakin Malam. Ya tayar da shi ya jingina da matasai, ya sa masa abin riƙewa ɗaya a hannun da ke aiki, shi ya riƙe ɗaya. Malam ya yi ta kai motarsa bango yana dariya da karkataccen bakinsa, har hawaye. Wani lokaci Yakubu ya yi kamar motarsa ta lalace don tsohon ya riga shi. Kafin magariba su mayar da komai wurinsa. Shekara uku ban ji dariyar mutumin nan ba, ashe tana nan, ina fita take fitowa. Sun ɓoye mini don Malam yana jin kunya, kuma don sun san hali na.

To ka ji. Na yanke hukunci a kan abin da ban kalla ba, da shaidar matar da ba ta kalla ba. Kai an ba ka kujera da sanyi don ka kalla. Ka kalla har ƙarshe, ko ya gundure ka, ko wani ya ce maka ai an san irinsu. Kada ka sa hannu a takarda saboda ka ji an ce. Kuma in kana kallo, ka riƙa tuna waya biyu ce. Ba ka san wanda ke riƙe da ɗayar ba. Wataƙila wani ne da duniya ta rage masa yatsa ɗaya.

Maganar lambar sha takwas ɗin nan kuwa, da babanka ya faɗe ta sai da na ji wani abu ya soke ni. Ashe akwai layin da in mutum ya tsallake, sai a ce masa ga abin da ke ciki, kai ka san kanka, kai da Ubangijinka. Ni ban san da layin ba. A wurina ɗan da na haifa ba ya tsallake komai. Ba ina ce maka ka buɗe ƙofa ga kowace ƙazanta ba, a'a. Abin da hukuma ta hana ɗungurum, hannunka ya fita daga ciki. Kada ka sako shi a aljihu ka kawo wa abokai don a ce kai ne mai hanya. Amana aka ba ka, kuma na san abokanka na unguwar Hindawiyya, tun yanzu sun fara lissafa ka. Amma inda aka tambayi ra'ayinka, aka ce wannan a hana kowa ne ko a bar wa manya, ka tsaya ka tambayi zuciyarka: abin ne mugu, ko kuwa tsoron bakin mutane nake ji? Ni ranar nan ba Allah na ji wa tsoro ba. Matan gidan suna na ji wa.

Kada ka zaci daga nan na yi hankali. Tsohuwa in ta ƙone da wuta, sai ta faɗa rijiya wajen gudu. Da na ji labarin Malam sai na rantse ba zan sake hana ɗa wasa ba. Kai ne ka sha wannan rantsuwar.

Kana ɗan tara, ana gobe Sallar Layya, na riƙe hannunka muka je wani shago a Hindawiyya in yi maka goron salla. Ka nuna wani faifan wasa mai baƙin kwali. Mai shagon, wani dattijo mutumin Yaman, ya ce, “Ya Hajja, wannan na manya ne. Dubi lambar.” Lokacin ba a fara sa tamu ta ƙasar nan ba, wata 'yar ƙaramar lamba ce ta mutanen waje a lungun kwalin, kamar ƙuda ya sauka. Na ce masa, “Malam, nan Makka ce. Abin da ya wuce tashar jirgin ruwa, ya wuce shingen hanyar Jidda, ya shigo garin nan, ai an wanke shi.” Ya ce, “Hajja, ki ji magana.” Na ce, “Naɗe mini.”

Ka ga, bakin tallata ne ya ci ni. Shekara nawa ina miƙa wa alhazai zoben da aka ƙera a Sin ina cewa ku kai tsaraba, na Makka ne, har ni ma na yarda cewa duk abin da ya kwana a garin nan ya tsarkaka.

Ka tuna abin da ya biyo baya, ko in tuna maka? Wata guda cur ba ka shiga banɗaki, da rana tsaka fa, sai na tsaya a bakin ƙofa ina yi maka hira. In na yi shiru ka ƙwala, “Sitti, kina nan?” Ka daina cin nama. Ka ga mahauci da wuƙa ka ruga bayan firiji. In ka musa, ajiye nake, ranar ɗaurin aurenka zan ba amarya labari dalla-dalla. Ni kuwa ko sau ɗaya ban zauna kusa da kai na ga me kake bugawa ba. Da na hana ban kalla ba, da na bari ma ban kalla ba. Kuskure ɗaya ne na yi sau biyu, na canza masa zane kawai.

Saboda haka in kuna zama da manyanku, ka tuna musu da irina. Ku rubuta lambar da girma, yadda tsohuwa mai yanar ido za ta gani daga bakin shago. Amma kai kada ka ruɗi kanka cewa da ka manna lamba ka gama. Lamba ba ta zama kusa da yaro. Duk wanda ya tambaye ka, ka ce masa hukuma tana tacewa, amma ba ita ta haifa maka ɗan ba. Ranar da Allah Ya ba ka naka, ka zauna ka karɓi waya ta biyu.

Na gaji, Anas. Ba gajiyar rubutu kaɗai ba. Gidan Tandabawi da duk wannan ya faru a cikinsa babu shi, an rushe. In muka wuce a mota ba na iya nuna inda zauren yake. Ranar da muka taso zuwa Ka'akiyya ka tuna na hana kowa taɓa akwatina, na rungume shi a cinya har muka iso? Babanka ya zaci zinariya ce. Kai ka ce ko aljanina ne a ciki. Kai ka fi kusa da gaskiya.

Bayan rasuwar kakanka na sayi likkafanina, na wanke shi da ruwan Zamzam, na shanya, na ninke na sa a akwatin nan, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. A kan abin Yakubu na ɗora shi. Kusan shekara talatin suna kwance tare. Watan jiya da likita ya daɗe yana sauraren ƙirjina, ya kuma kira babanka waje, na dawo gida na kasa cin komai. Ba mutuwar ce ta dame ni ba, wanda zai mutu a Makka ai sai godiya. Tunanin da ya zo mini shi ne: ranar da na cika, mata za su buɗe akwatin su ɗauko likkafani, sai ga waya biyu sun biyo shi. Kuma Hajiya Dije tana nan da ranta, ba abin da ke kashe ta, ita za ta fara gani. Sannan Yakubu ya ji a bakin mutane cewa uwarsa ta yi masa ƙarya tun yana saurayi har ya yi furfura, ta tafi ba ta warware ba.

To na ciro shi. Yana cikin babbar jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji da daddawa, na naɗe shi a hiramin kakanka. Kasetin tseren motar yana ciki. Shi ya sa jakar ta yi nauyi kana ta ƙorafi wai na zuba maka duwatsun Muzdalifa.

Ga aikenka, kuma shi ne cefanen da nake nema a wurinka, in ka yi shi na yafe maka na baya. Kada ka ba shi a gaban matarsa da 'ya'yansa. Ka bari sai kun keɓe. Ka miƙa masa yadda yake a naɗe. Kada ka yi masa wa'azin haƙƙin uwa, ya fi ka sani, bai taɓa tauye mini komai ba sai zama. Kada ka ce masa ba ni da lafiya, ba na so tausayi ya kawo shi. Ka ce masa kawai, “Inna ta ce ba ta jefar ba. Ta ce in har yanzu tayin yana nan, tana son ta zauna ta ga minti biyar ɗin nan.”

In abin ya ƙi tashi saboda tsufa, kai ne gwani, ka duba. In ya ƙi gyaruwa, ba komai, ya zo ya ba ni labarin da baki: wace mota Malam yake zaɓa, da yadda dariyar take. Ni kaɗai ce a gidan ban ji ta ba. In kuwa ya karɓa ya yi shiru, ka ƙyale shi, kada ka matsa. Yana da haƙƙin yin shiru, ni na koya masa. Sai dai ka kira ni ka gaya mini abin da hannunsa ya yi da ya taɓa hiramin.

Ka riƙe salla a kan lokaci, kada ka ce sai na gama wannan matakin. Ka ci abinci mai ruwa, ba burodi da waken ful kullum ba. In ka ga wata 'yar Riyad ta yi maka, ka kawo ta in tace ta, na yi alkawari wannan karon zan kalla har ƙarshe.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya ba ka ido mai gani da zuciya mai adalci a kan abin da aka ɗora maka. Allah Ya raba ka da sharrin ji-an-ce. Ya jiƙan kakanka, Ya haskaka kabarinsa. Ya dawo mini da kai lafiya, in da hali ba kai kaɗai ba. Na sa an gyara ɗakin baƙi, na kuma daka sabon yaji.

Wassalam.

Ni ce uwargidanka da ba ka da kamarta,
Sittinka.